Jirgin Da Ba Ya Makara

Jiya jirgin ƙasa ya wuce ni ina tsaye da tikiti a hannu. Ba makara na yi ba. Tun rana ba ta yi zafi ba nake tashar unguwarmu, da babbar rigata da sandata. Ya taho, ya rage gudu kamar mai shirin gaisuwa, ya yi mana ƙara, ya wuce. Direban har da ɗago mana hannu. Ɗan albarka, akwai ladabi.

Ba yawo ya fito da ni ba. Ƙanena na kwance a babban asibiti, can ƙarshen layi, za a yi masa aiki a ciki. Mu biyu muka rage a ɗakinmu. Ya aiko cewa, "Ku gaya wa Yaya ya zo in gan shi kafin a shiga da ni." Shekarunsa sun ja, likita ma bai yi alkawarin komai ba.

Na je tagar mai sayar da tikiti.

"Kai, jirgin nan makaho ne?"

"A'a Baba, sabon tsari ne. In ya taso a makare, sai ya tsallake ƙananan tashoshi don ya isa ƙarshe a kan lokaci."

"Yaushe yake tasowa ba a makare ba?"

Ya sosa ƙeya. "Tun da na kama aiki dai ban gani ba."

"To me ka sayar mini?"

"Tikiti, Baba. Ni nawa sayarwa ne. Tsayawa kuma aikin wani ofis ne."

Maƙwabcina tela na gefe da ƙunshin ɗinki a hammata. Ya ce, "Haba dattijo, ba ka sauraron rediyo? Lambar yabo fa aka ba su. Wata da watanni jirgi bai makara ba." Ya gyara ƙunshinsa. "Ni ma daga yau na daina ɗinka hannu da wuyan riga. Ka ga ba mai sake cewa tela ya saɓa alkawari."

Ni dai ban yi dariya ba.

A gabana aka shimfiɗa ƙarfen nan, ina saurayi. Jirgin farko baƙi ne, mai hayaƙi, mai tari kamar tsohon mashayin taba. Ba kyau, ba sauri. Amma yana tsayawa. A tashar gada ya kwashi ma'aikata, a tashar kasuwa ya sauke mata da kwandunansu, a tamu ya jira tsohuwa ta hau ta zauna. Daga baya aka bar shi ya mutu. Ciyawa ta cinye layi, awaki suka gaji tasha, mata suka samu wurin shanya.

Sai zamanin masu almakashi ya zo. Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle ya shafa wa tasha fenti, ya sake mata suna, ya buɗe ta. Wanda ya biyo shi ya kankare fentin, ya sake suna, ya sake buɗe ta. Tasha ɗaya, ba ƙofa gare ta ba, amma buɗe ta ake ta yi. Na yanzu kuwa, ranka ya daɗe Uban Agogo, shi ya gano abin da ya gagari na baya. Ya zauna ya yi nazari, ya ga ba abin da ke ɓata wa jirgi lokaci sai fasinja. Hawa ɓata lokaci, sauka ɓata lokaci. Sai ya cire su. Allah ya ƙara basira. An ce sauri ya haifi nawa, nasa saurin ko ɓari bai yi ba.

Jirgi na biyu ya zo. Na fito bakin dandamali, na ɗaga sanda. Ni da ban taɓa roƙon kowa ba, na tsaya ina roƙon ƙarfe. Ya wuce. Kujeru na leƙo mu ta taga, babu kowa a kansu.

Na sauka titi. Wani mai motar kaya ya tausaya wa furfurata, ya ɗora ni a baya tsakanin buhunan siminti. Muka kutsa cunkoso, muna tafiyar hawainiya. Da muka kusa, sai aka sauke mana shinge a mahaɗar titi da layin dogo. Me ake jira? Jirgi zai wuce. Muka tsaya cikin rana, har da motar ɗaukar marasa lafiya a bayanmu, muka ba fanko hanya don kada ya makara.

Na isa asibiti rigata fara fat da siminti. Gadon ƙanena babu kowa. Matarsa na zaune a benci, ta rufe fuska da mayafi.

"Yaya, sun shiga da shi. Har aka tura shi yana waigen ƙofa."

Na zauna. Ba na kuka a gaban mutane, kuma ba zan rubuta abin da na yi a bayan ginin ba.

Sai da rana ta karkata aka fito da shi. Da rai. Ya daɗe kafin ya buɗe ido. Ya dube ni, ya dubi rigata, ya motsa baki. Na sunkuya.

"Yaya, a jirgi ka zo?"

"A'a."

"Shi ya sa na gan ka."

Allah ne ya rufa asiri, ba Uban Agogo ba. Da ta zo da ƙarar kwana, da ɗan'uwana ya tafi yana waigen ƙofa, su kuwa a rediyo su ce komai ya isa a kan lokaci.

Amma kada a ce tsoho ba ya yabo. Tsarin na da amfani ɗaya. Da mutuwa a jirgin nan take zuwa, da mu 'yan ƙananan tashoshi mun daina haƙa kabari.