Hular da Baba Kyari Ya Sa Mini

Ba zan taɓa mantawa ba da kakar da na je neman koyon ɗori a Damagaram, shekarun da ake ta aikin ganuwar birni. Lokacin gemuna bai gama fitowa ba, amma ji da kaina ya riga ya yi furfura. A garinmu Gouna ba mu da maɗori. Wanda ya karye sai a ɗora shi a jaki zuwa birni, kafin a isa ƙashi ya yi abin da ya ga dama. Mahaifina kansa da ɗingishi ya tsufa saboda haka, shi ya sa ba shi da buri sai ya ga ɗansa ya iya gyaran ƙashi.

A birni kuwa, in ana maganar ɗori to ta Baba Kyari ake, wani tsoho ɗan asalin Barno. Bayan an kai amfanin gona rumbu yake karɓar masu son koyo, ya ajiye su a gidansa yana kallon hannun kowa, sannan ya zaɓi wanda ya zaɓa. Ni dai tun ranar da na sauka na riga na zaɓi kaina (shi nake jira ya yarda kawai).

Wata safiya aka kawo wani magini da ya faɗo daga ganuwa, ƙwaurinsa ya karye. Baba Kyari ya ce in danne cinya, wani Habu ɗan Takieta ya riƙe dunduniya. Da tsohon ya ja ƙafar, ƙashi ya yi wata ƙara da har yau nake jin ta a haƙorana. Na runtse ido gam, na shiga karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Kafin in buɗe an gama ɗaure kara. Ba wanda ya ce mini uffan, sai na ɗauka ba wanda ya gani.

Ranar yanke magana ya riƙa kiran mu zaure ɗaya bayan ɗaya. Habu ya fito fuska a murtuke, da wata tsohuwar wuƙa a hannu. Ya ce mini, "Ko kallona bai yi ba. Cewa ya yi in je in yanko kara, kada in dawo sai da dami." Na dafa kafaɗarsa na ce, "Ka yi haƙuri, Habu, noma ma sana'a ce." (Allah ya yafe mini wannan bakin.)

Da na shiga, sai tsoho ya shimfiɗa mini buzu. Ya tambayi lafiyar mahaifina, ya ba ni goro, ya ɗauko sabuwar hula ya sa mini da hannunsa. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka gai da gida." Ban tsaya jin ƙari ba. Wa ya ga wanda aka yi wa naɗi yana tambaya?

A Gouna inna ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka taya ta. Aka yanka bunsuru. Kafin kwana biyu sunana ya ɓace, sai "maɗori" ta ko'ina. Har wata tsohuwa ta kawo mini akuyarta mai karyayyar ƙafa, na duba ta daga nesa na ce sai na kammala tukuna. Mahaifina kuwa ya ce ba a karɓar alheri irin wannan a yi shiru. Ya gayyaci limaminmu da kawuna, ya ja rago, muka nufi birni yana ɗingishi a gaba, ni ina baya da hulata a karkace.

Muna shiga zaure na ga Habu zaune kusa da Baba Kyari, yana feƙe kara, ga wani mai karayar hannu a gabansu. Na ce a raina ko dai tausayinsa aka ji.

Mahaifina ya durƙusa da ƙyar ya ce, "Allah ya gafarta Malam, godiya muka zo yi."

"Godiyar me, Malam?"

"Ta karɓar yaron nan da ka yi."

Tsoho ya dubi ragon, ya dubi liman, ya dubi hular da ke kaina. Ya ce, "Ayya. Ba wanda ya gaya muku? A gidan nan hula ta mai tafiya ce, don kada rana ta dake shi a hanya. Mai zama wuƙa nake ba shi."

Na so in cire hular, hannuna ya ƙi ɗagawa. Habu ya sunkuyar da kai yana ta feƙe karan da ya riga ya feƙu.

Mahaifina ya ce a hankali, "Me ya rasa, Malam?"

"Hannunsa da ƙarfi, ba laifi. Amma ido yake rufewa. In maɗori ya rufe ido sau ɗaya, mutum da karkatacciyar ƙafa zai shiga kabari."

Mahaifina bai dube ni ba. Ƙafarsa ya duba. Da ma marina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

A bakin ƙofa kawuna ya raɗa wa mahaifina, "To, ragon fa, Yaya?" Mahaifina ya ce, "Ya riga ya shiga. Shi dai an karɓe shi."

Shekarar nan kaf a gindin mahautan kasuwa na yi ta, ina kallon ƙashi da jini ido buɗe har hawaye na zuba. Akuyar tsohuwar ma ni na riƙe ta aka ɗaure mata ƙafa. Da kaka ta zagayo na koma, Baba Kyari ya daka mini tsawa, ya jefo mini wata wuƙa duk tsatsa. Ban taɓa jin daɗin tsawa irin na ranar ba.

Tun daga nan na koyi abu ɗaya: in babba ya shimfiɗa maka buzu yana ta fara'a, tambayi wanda aka yi wa tsawa tukuna, kafin ka sa a yi guɗa.