Rasuwar Mai Dogon Hanci, Kyamarar Ƙofar Gayan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da ba zan ɓoye ba, ni Nasidi na Ƙofar Gayan ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kyamarata, wadda unguwa ta sani da Mai Dogon Hanci. Ta cika ranar Talata da hantsi, ƙarshen daminar nan ta 1991, bayan ta faɗo daga kan soro.

Marigayiyar ta zo hannuna daga wani malamin jami'a da zai koma ƙasarsu. Tun daga nan ba ta taɓa gaya mini ƙarya ba. Tsuntsu yana can ƙololuwar rimi, ido bai ganin komai sai ɗigo, ita kuwa sai ta jawo shi har ka ƙirga gashin wuyansa. Mai kunya ce, ba ta taɓa leƙa gidan kowa ba. Maganarta duka biyu ce: "ƙyas" idan ta kama, "ƙirrr" idan ana juya fim.

Ajalinta ya zo ne a kan baƙo. Iskar hadari ta jefo wani farin tsuntsun teku mai baƙin kai da jan baki, ya sauka a kududdufin bayan unguwa. Irinsa ɓatan hanya kaɗai ke kawo shi Zariya, kuma ba ya kwana biyu. Shekarun da na yi ina jiran baƙo irin wannan, Allah kaɗai ya sani. Daga kan sorona ana hango shi tar.

To amma kowa ya san birni. Namiji ba ya hawa soro sai ya sanar da maƙwabta, mata su shige ɗaki. Na bi gida-gida ina sallama, kowa ya ce bismilla. Na ƙarshe shi ne Malam Sabo, maƙwabcina, wanda a hannuna ya koyi riƙe kyamara, ya sayi wata 'yar guntuwa bara, yanzu har yana gyara mini sunayen tsuntsaye. Ya tambayi abin da zan yi a sama, ni kuma da bakina na gaya masa. Sai ya ce in ɗan dakata, maiɗakinsa Mariyamu tana shanyar gero a tsakar gida, da ta gama zai aiko.

Na tsaya gindin tsani rungume da marigayiyar, rana tana ta ɗagawa. Geron nan bai shanyu ba sai da Sabo ya zaga ta bayan ganuwa, ya ja ciki cikin ciyawa, ya ƙare fim ɗinsa kaf. Da saƙo ya zo na hau a gaggauce. Bakin soron ya sha ruwa, ya zame, marigayiyar ta kuɓuce ta faɗa kan turmi. Ba ta ce "ƙyas" ba. Ƙarar faɗuwarta ce ta tashi tsuntsun, na bi shi da ido tsirara har ya ɓace.

Ta rasu ta bar ƙafa uku da take zama a kai, da jakar fata ɗinkin Ƙofar Jatau, da murfin hancinta, da fim sabo fil wanda bai ga komai ba. Ta kuma bar ni, da maƙwabcin da ba zan iya tashi in bar masa unguwa ba.

Za a naɗe ta a farin ƙyalle a sa ta ƙasan adaka gobe bayan azahar. Ana karɓar gaisuwa a zaurena har magariba. Ana roƙon masu zuwa su biyo ta lungun masallaci, kada su bi ta ƙofar Sabo, domin ya rataye hoton tsuntsun a zaurensa, mutane har daga unguwar Kongo suna zuwa kallo. Wanda ya riga ya gani, don Allah kada ya ba ni labari. Ni ma na leƙa. Har jan bakin ya fito.