Cekin Kaka Merle da Katin Kendra

To ku da kuke ta cewa Kendra ba ta da kunya, kun san ma abin da tsohon nan, kakanta, ya yi mata? Ku tsaya ku ji tukuna.

Banki ne ya ba ta sabon katin bashi da sharaɗi: ta kashe dala dubu huɗu cikin wata uku, su ba ta maki dubu sittin. Makin nan kuwa tikitin jirgi ne daga Dayton zuwa Seattle a Amurka, zuwa da dawowa, inda yayarta Joelle take zaune da cikin wata tara, ba uwa, miji kuma yana can kan hanya yana tuƙin babbar mota. Kendra ta rantse haihuwar nan a gabanta za a yi. To albashin shagon wankin karnuka ina zai kai dubu huɗu? Sai ta kwashe takardun gidan kakanta kaf, wuta, gas, ruwan famfo, waya, ta ɗora a kan katin. Shi ya ba ta kuɗin a hannu, ita ta biya banki kafin ruwan bashin ya hau. Wata biyu lafiya lau. Yau Alhamis, gobe wa'adi ke cika, ta duba waya ta ga saura dala ɗari uku da goma ta cika dubu huɗun. Kamfanin wuta da na gas ba su cire ko sisi ba.

Motar ma a karkace ta bar ta, ta faɗa kicin ɗin kakan.

"Lafiya lau na kwana, tunda ba ki tambaya ba," in ji Kaka Merle, yana shafa man gyaɗa a burodi. "Wa ya mutu?"

"Kai ne, in na gama magana. Me ka yi wa kuɗin wuta?"

Wai ya biya. Ceki ya rubuta ranar ɗaya ga wata, na wuta da na gas, ya sa a ambulan, ya taka har gidan waya, yadda yake yi shekara arba'in da ɗaya. Da kamfani ya zo cire kuɗi a katinta sai ya tarar ba ya bin kowa komai.

Ta tambaye shi da wane yare ta gaya masa ya daina. Ya ce ai ya daina, wata biyu cur. Sai ya haɗu da matar gidan waya a kanti, ta dafe ƙirji ta ce ta ɗauka ya rasu, har ta nemi sunansa a shafin mamatan jarida.

"Shi ne na je na biya har na wata mai zuwa, kowa ya san ina nan."

"Har na wata mai zuwa." Kendra ta zauna, ta sake miƙewa. "Don tsohuwa ta ga kana numfashi ka cinye min tikiti? Mutumin da haƙoransa suke kwana a kofi, wai yana neman suna a gidan waya."

"Haƙoran nan kuɗi a hannu na saye su. Ke kuwa ko cingam sai kin goga katin roba. Mai wankin kare."

"Karnukan sun fi ka jin magana. In na ce zauna, zama suke yi."

Ya ce shi yana biyan kuɗin wuta tun ba a ƙirƙiro wutar ba, kuma manajan banki ya taɓa saka sa hannunsa a firam don kyau. Ta ce littafin cekin nasa gidan tarihi ya kamata a kai, a haɗa da mai shi, a rufe gilashi. Ya ce mutane za su biya kuɗin shiga, ita kuwa ko kyauta ba mai leƙawa.

Ba ta yi dariya ba. Ya ce to ta je ta sayi talabijin mana, tunda kashe kuɗi ne ibadarta. Nan ta ƙara hawa. Ta sayi abin da ba ta da kuɗinsa, ruwa ya hau kanta, makin ya zama na banza? Harajin gida kuwa an riga an biya tun bazara. Ta lissafa komai a hanya, babu abin da ya rage.

"Joelle ita kaɗai za ta shiga ɗakin haihuwa, Kaka. Ita kaɗai. Saboda kan sarki ɗaya."

Tsoho ya ajiye wuƙar burodi. Ya daɗe yana kallon firiji, inda hoton marigayiya matarsa, Kaka Opal, yake manne. Sai ya ja durowa, ya tona ƙarƙashin tsofaffin batura, ya ciro wata takarda ya tura mata. Ta maƙabarta ce. Filin kabarinsa da ke gefen na Opal, dala arba'in yake biya duk wata tun da aka binne ta. Saura ɗari uku da sittin.

"Suna karɓar kati," ya ce. "Sun sha damuna da maganar."

Kendra ta kalli takardar, ta kalle shi. Sai ta huce haushinta a kansa. "Wato da kabarinka zan hau jirgi."

"Ai gara ya yi wa wani amfani, shekara shida yana zaune ba ya komai." Ya sauko da gwangwanin kofi daga saman kabad, ya ƙirgo 'yan ashirin ashirin guda goma sha takwas, ya ƙara ɗaya wai na jariri. "Amma ki sani, don kin biya ba zan shiga da wuri ba."

"In ka sake aika musu ceki, da hannuna zan tura ka ciki."

Ya yi dariya har sai da ya tare haƙoran da yatsa. Ya ce ya ji, ta ci, amma kuɗin ruwan famfo nasa ne, wannan kam sai matar gidan waya ta gan shi.

A tsaye ta kira maƙabartar, ta karanta musu lambar katin, tana hararar tsohon yana cin burodinsa. Har yanzu haushinsa take ji, ni ma haka.

Ku da kuke zaginta, da ku ne aka miƙa wa takardar nan, za ku goga katin ko ba za ku goga ba?