Rasuwar Shuɗiya, Motar Malam Arzika ta Badariya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, har yana tsiyaya ta gefe, iyalan Malam Arzika, tsohon malamin dabbobi da ke unguwar Badariya a Birnin Kebbi, suna sanar da ƴan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, tsohuwar Fijo mai dogon baya wadda kowa ya sani da Shuɗiya. Ta cika a kan hanyar Argungu zuwa gida, da hantsi, bayan doguwar jinya.

A yi wa mai rubutun nan afuwa. Jikarsa ce, ba ta taɓa rubuta abin da ya wuce aikin makaranta ba, kuma ta san akwai manya a gidan da suka fi ta cancanta. Sai dai manyan duk sun yi shiru, shi kuma mai rashin in ya buɗe baki sai ya rufe.

Marigayiya ta girmi duk ƴaƴan gidan. Ita ta kai iyayensu mata asibiti, ta dawo da su da jarirai. Ta ɗauki albasa har ƙofofinta sun daina rufuwa, ta ɗauki kifin Argungu har kujerunta suka riƙe ƙarnin, ta taɓa ɗaukar ɗan maraƙi mara lafiya a kujerar baya ba ta yi ƙorafi ba. Da safe in an murɗa makulli takan ce kir-kir-kir, ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ce bum, maƙwabta su san gari ya waye. Allurar da ke nuna mai ta mutu tun da daɗewa, murfin tankinta ma ya ɓata an maye shi da tsumma. Don haka Malam Arzika yake da wata siririyar sanda mai tsaga-tsaga, yakan zura ta cikin tanki ya zaro, inda danshi ya tsaya nan ne gaskiyar mai.

Halinta da ya fi yabo shi ne ƙana'a. Duk rani yakan tafi Augie wajen ƙanensa Hammadu, manomin shinkafa a fadama. Ya ajiye ta a gindin darbejiya, ya ci tuwo da kifi, ya ɗan kishingiɗa a zaure. In ya tashi komawa ya zura sanda, sai ya tarar mai yana nan inda ya bar shi, wani lokaci har ya ɗan ɗara. Ya sha faɗa a majalisa cewa motocin yanzu mashaya ne, tasa kuwa in ta huta a inuwa har ƙaruwa take yi. Ana dariya, shi ba ya yi.

Ciwon ajalinta ya fara da tari. Tana cikin tafiya sai ta ce tuf-tuf, ta shaƙe, ta yi gaba da ƙyar kamar mai ɗingishi, kuma kusan kullum a hanyar dawowa daga Augie. Aka kai ta garejin Zakka, bakanike mutumin Filato da ya zauna a Birnin Kebbi tun yana saurayi. Babu wanda ya taɓa sa mata sifana sai shi. Tsakaninsa da Malam Arzika kuwa ya wuce na mai mota da mai gyara: duk Kirsimeti matarsa Judith takan aiko da kular shinkafa da kaza, duk Babbar Sallah cinyar rago tana zuwa gidansu.

Zakka ya canza matatar mai, ya hure tiyo, ya kwance kafireta, wato inda mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, ya wanke ta tas. Tari ya dawo. Ya canza famfon da ke jawo mai daga baya. Tari ya dawo. Daga ƙarshe ya sauke tanki, ya tarar cikinsa ya ci tsatsa, ga ruwa ja kwance a ƙasa. Shi kansa ya tsaya yana sosa ƙeya, don rabon gari da ruwan sama an daɗe. Suka ɗora laifin a kan ƴan bumburutu, aka nemo sabon tanki, aka ɗaura. Marigayiya ta miƙe garau. Malam Arzika ya yi murna, ya ce bari ya kai ta Augie ƙanensa ya ga ta warke.

A hanyar dawowa ta ce tuf-tuf.

A nan mai rubutu take so ta tsallake, amma sanarwar ba za ta cika ba. Malam Arzika ya shiga gareji ransa a ɓace, a gaban masu jiran gyara, ya ce, “Zakka, tsohon tankin nan ka wanke ka shafa mashi fenti, ko? Ni za ka yi wa haka?”

Zakka ya fito daga ƙarƙashin wata mota, ya dube shi. Ya ce, “Malam, ni?” Ya ajiye sifana a ƙasa, ya zaro makullin Shuɗiya na ajiya da ke rataye a ƙusa, ya miƙa masa.

Daga ranar Malam Arzika ya zama likitan kansa. Ya ce tunda tanki ne maƙaryaci, za a yi babu shi. Ya ɗaure jarka a saman mota, ya sauko da tiyo ta taga zuwa cikin bonet, mai yana gangarowa kai tsaye. Ta yi yawon cikin gari a haka, ana nuna ta da baki. Ranar da ya ce ta isa ta je Argungu ta dawo, tiyo ya zame a wani rami, mai ya zuba a kan inji mai zafi. Ta yi atishawa sau ɗaya, wuta ta kama. Ya samu ya fito da hularsa a hannu, masu wucewa suka taimaka da ƙasa, amma kafin wuta ta mutu gaban Shuɗiya ya zama baƙi. Sautinta na ƙarshe wani siririn tsss ne, daga nan ba ta sake cewa komai ba.

Aka jawo ta gida, aka zauna karɓar gaisuwa. Mutane suka yi abin da aka saba, kowa ya zo sai ya faɗi wani alherin mamaci. Wannan ta kai shi ɗaurin aure, wancan ta kai uwarsa asibiti. Mutanen Augie suka iso, Hammadu ya zauna a waje cikin maza, matarsa Kulu ta shiga ciki ta durƙusa gaban Malam Arzika. Kulu mace ce mai tsarkin zuciya, ba ta iya ganin ana yabo ta yi shiru.

Ta ce, “Yaya, sai haƙuri. Mu ma uwa munka rasa. Shinkafarmu ta rani ai ita ta rayar da ita, injin ban ruwanmu bai san wani mai ba sai nata.”

Malam Arzika ya ce, “Injin wa?”

Ta ce, “Namu na hwadama. In kana barci ƙanenka shi kan ɗan zuƙa da tiyo. Amma wallahi bai taɓa barin ta da ƙishi ba, Yaya. Abin da ya ɗiba duk sai ya mayar mata da ruwa, har shi ɗan ƙara. Ya ce kamar fitila ce, in kananzir ya yi ƙasa a zuba ruwa shi taso ga lagwani. Ruwa ƙasa shika kwanciya, ba ruwanshi da mai.”

Ba wanda ya gaya wa Hammadu cewa mota daga ƙasan tanki take sha. Malam Arzika ya tuna tuwon, da kifin da ake zaɓa masa mai tsoka, da yadda ƙanen nasa yake cewa, “Yaya, ka ƙara kwantawa, rana ba ta yi sanyi ba.” Bai yi faɗa ba. Ya ce wa Kulu ya gode da gaisuwa, ya nemi takalmansa, ya wuce ta gaban Hammadu bai dube shi ba, ya kama hanyar gareji a ƙasa.

Ya tarar da Zakka yana cin rake. Ya tsaya a rana, ya faɗi duk abin da ya ji, ya ƙare da cewa, “Na ci mutuncinka a gaban mutane, a gaban mutane na zo in ce ban kyauta ba.”

Zakka ya tofar da ɓawon rake. Ya ce, “Ta ƙone sosai?”

“Gaban duka.”

“To. Zan zo in ɗauke ta, don ba zan bari wani ya taɓa ta ba. Amma ita zan zo wa, Malam. Tamu maganar sai an gama da ita.”

Marigayiya ta rasu ta bar mai gidanta, da ƴaƴa da jikoki da yanzu za su koyi tsayar da keke-napep. Ta bar sabon tanki wanda ba shi da laifin komai, da tayar safaya da ba ta taɓa ganin titi da iska a cikinta ba. Ta kuma bar wani injin ban ruwa a Augie, lafiyayye, mai ƙiba, wanda ta shayar ba da saninta ba.

Za a yi mata rakiya ranar Asabar da safe daga ƙofar gida a Badariya. Liman ya ce ƙarfe ba a yi masa salla, don haka kowa ya zo da addu'arsa ga mai rashi. Zakka ne zai cire abin da ya rage mai amfani, sauran a miƙa wa ƴan gwangwan. Malam Arzika ya ce ba a buƙatar motar ja daga gida zuwa bakin titi: Hammadu zai tura, shi kaɗai, kuma kada kowa ya kama masa. Masu zuwa kada su damu da abinci, Judith ta aiko a ce ita za ta dafa, ko da yake mijinta ya ce shi bai san da zancen ba.

Allah ya ba mu juriyar rashi, ya mayar da alheri.

An manna wannan a ƙofar zaure lokacin da maza suka tafi masallaci. Kafin su dawo mai rubutu ta shige ɗakin kakarta tana tsintar shinkafa, don haka wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa, kada ya tambayi ko waye.