Ranar da Na Ce Baba Maƙwabcina Ne

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake na sha roƙon Allah Ya mantar da ni, da wata safiyar Laraba a ƙofar gidan hakimi a Dutse, lokacin Turawa ba su daɗe da zuwa ba. Yanzu na tsufa, haƙora sun zube, saboda haka gara in ba ku labarin da bakina kafin wani ya ba ku ya ƙara gishiri.

Mahaifina masassaƙi ne. Turmi, taɓarya, akushi, allon karatu, duk yana yi, kuma daga Aujara har Jahun in mace ta ce turminta na Dutse ne, to na Baba take nufi. Ni kaɗai ne ɗansa namiji. A rumfarsa na tashi ina riƙe masa itace, har na iya fafe akushi da gizago tun ban iya ɗaura wando da kyau ba. Da na tasa sai ya kai ni wurin wani malami a Jahun. Na yi shekaru can, na dawo da izu ashirin da wani abu (wani abun nan girman kai ne, kuma ya fi izun nauyi). Tun daga ranar da na dawo na daina zama a rumfa. In an ce mini "ɗan masassaƙi" sai in yi kamar ban ji ba, in an ce "Malam" kuwa har wuyana yana ciwo don saurin waiwaye.

A lokacin akwai ofishin ayyuka na gwamnati da ke ɗibar mutane. Ɗibar kuwa iri biyu ce. Akwai ta dole, wadda ake tara ƙarti da rani su ɗauki dutse da ƙasa a aikin hanya. Akwai kuma wata da ba kowa ke samu ba: a ɗauki 'ya'yan masu sana'a kaɗan a kai su Kano a koya musu kafinta ko gini irin na Turawa, a ciyar da su, in sun ƙware a ba su aiki da albashi.

Da ake gina bariki a Dutse an kira Baba ya daidaita azara. Shugaban kafintocin ofishin, wani dattijo Bakano da ake ce wa Malam Ɗanladi, ya tsaya yana kallon hannunsa, ya ce, "Dattijo, da ba don shekaru ba da na tafi da kai. Ba ka da ɗa?" Baba ya ce yana da shi. Kwana uku yana zarya tsakanin bariki da gidan hakimi, yana durƙusa wa masinja da dogari, har aka ce gurbi ɗaya ne aka ba Dutse, kuma an ba ɗansa, a kawo shi ƙofar hakimi ran Laraba Bature ya gan shi.

Ya dawo gida fuskarsa kamar an yi masa albishir da Makka. Ya ce, "Gizagon nan ya kusa ƙarewa. Zamani na zarto ne da ƙusa. Ka je ka koyo, ka haɗa da abin da na koya maka, ba mai kama ƙafarka."

Na ce, "To, Baba."

Ai da na faɗa masa gaskiya a nan cikin gida, da abin ya tsaya tsakanina da shi da kajin tsakar gida. Amma ni mai dabara ne. Na ƙudurta a raina cewa in Bature ya gan ni da rawani zai gane ba irin masu shan ƙurar katako ba ne, ya ba ni aikin rubutu, in riƙa tafiya a bayansa da alƙalami. Na aro babbar riga wurin ɗan liman (ta fi ni tsawo, ina tafe tana share mini hanya), na naɗa rawani har kunnuwana ba sa jin magana sosai, na rataya gafaka. Ba komai a cikinta sai allona da wani guntun rogo.

Ƙofar hakimi ta cika. Hakimi na zaune, Bature na kan kujera a gefensa, ga tafinta a tsaye, ga Malam Ɗanladi. Baba yana zaune a ƙasa, taku biyar daga inda aka tsayar da ni, gizagonsa a kafaɗa kamar kullum. Da ya ga shigata sai ya yi murmushi. Ina jin ya ɗauka don in fita kunyarsa na yi ado.

Tafinta ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai ne ɗan masassaƙin?"

Har yau ban san daga inda maganar ta fito ba. Na gyara murya na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Ni malami ne. Shi dai maƙwabcinmu ne, unguwarmu ɗaya."

Mutanen nan fa duk sun san ni, wasunsu sun ci tuwon sunana.

Malam Ɗanladi ya taso a hankali, ya ce, "Malam, miƙo hannunka na hagu." Na miƙa. Ashe haka suke tantance mutane, ba sa sauraron baki sai sun ga hannu. Duk wanda ya tashi a rumfar sassaƙa da hagu yake dafe itace, kuma ba yadda za a yi gizago bai taɓa sararsa a babban yatsa ba. Nawa tabon uku ne, jere.

Ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Wajen fiƙe alƙalami ne."

Wani daga baya ya ce, "Lallai alƙalamin Malam da itacen ƙirya ake yinsa." Dariya ta ɓarke har dogarai. Hakimi ya sa hannun riga ya rufe baki.

Bature ya tambayi abin da ake wa dariya, aka fassara masa. Shi bai yi dariya ba. Ya ce to, tunda malami ne, dama suna neman mai rubuta sunayen 'yan aiki da ajami. Aka kawo takarda da tawada, aka tsayar da mutum huɗu a gabana. Na farko ya ce sunansa Cindo. Jama'a, ni duk karatuna abin da malam ya biya mini nake kwafa, ban taɓa rubuta kalma ɗaya daga kaina ba, kuma ba Cindo a cikin izu ashirin. Na tsoma alƙalami, na ɗaga, na sake tsomawa. Gumi ya gangaro daga ƙarƙashin rawani ya ɗiga a takarda, tawada ta bi shi, hannun rigar ɗan liman ya share su gaba ɗaya. Abin da na miƙa wa tafinta ya yi kama da inda kaza ta yi tono.

Duk wannan da sauƙi. Da a nan aka tsaya, da yanzu dariya kawai nake ba jikokina.

Tafinta ya juya wajen Baba, ya ce, "Dattijo, kai ka ce kana da ɗa. Wannan ne ko ba shi ba ne?"

Baba ya ɗago ya dube ni. Bai ɓata rai ba, wallahi da ya zage ni da na fi so. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai na ɗauka nawa ne. Amma shi malami ne, ya fi ni sani."

Ba wanda ya sake dariya. Hakimi ya ce a nemo wani, kada gurbin ya koma wata gunduma. Baba ya ambaci Idi, ɗan ƙanensa, sa'ana, wanda ya zo kallo ne da ɗan bante da fartanya a kafaɗa. Aka duba hannunsa, aka rubuta shi. Idin nan shi ne daga baya ya yi ƙofofi da tagogin kusan duk wani ginin gwamnati daga Dutse har Garki, ya koyar da mutane da yawa, ya sauke farali.

Ni kuwa da rani ya zagayo aka zo ɗibar aikin hanya. Masu sana'a aka ce su koma gefe, malamai ma aka ce su koma gefe. Na tsaya a tsakiya ina raba ido, don kowane gefe na nufa akwai wanda ya halarci Larabar nan. Wata biyu na yi ina dakon tsakuwa a kai, ba rawani.

Wannan ma bai dame ni ba kamar abin da ke cikin gida. Baba bai taɓa tayar da maganar ba, bai gaya wa Inna ba (a bakin rijiya ta ji). Bai hana ni abinci ba, shi ya yi mini aure, shi ya raɗa wa ɗana na fari suna. Sai dai wata rana da na ga yana fama da wani ƙaton gungume shi kaɗai, na durƙusa zan dafe masa, sai ya ce, "A'a Malam, bari, kada ka ɓata rigarka." A hankali ya faɗa, ba gatse a muryarsa. Daga ranar har ya koma ga Allah, shekara goma sha ɗaya, bai sake kirana da sunan da ya raɗa mini ba. Malam yake ce mini, sunan da na yi ta nema.

Na sha shirya maganar neman gafara. In na zo bakin rumfa sai in ce bari ya gama turmin nan tukuna, bari a yi sallah, bari damina ta wuce. Ina ta jiran ranar da kunya za ta ragu, har zazzaɓin kwana biyu ya riga ni. Ina fata ya yafe, amma ban ji da kunnena ba, kuma laifina ne.

Abin da na koya dai shi ne, in za ka yi ƙarya kada ka yi ta a garinku, in kuma dole sai ka yi, to ka bar hannun hagu a gida. Yanzu ko ɗan yaro ya tambaye ni ɗan wane ne, tun bai rufe baki ba nake cewa ɗan masassaƙi ne, jikan masassaƙi, har in ɗaga masa yatsa ya gani. Jikokina suna cewa tsufa ne ya sa ni surutu. Kowa a Dutse ya ji har ya gaji, ban da mutum ɗayan da nake so ya ji.