Ramin da Mashud Ya Gani Ban Gani Ba

Mashud Sayibu Haruna shi ne cikakken sunansa. Na fara ganinsa a watan azumin shekarar 2019, a ƙofar wani masallaci a unguwar Al Muntazah da ke Doha, ni ina tuƙin bas, shi yana karatun ilimin duwatsu a jami'a. Mahaifinsa ƙanen mahaifiyata ne, wanda fataucin goro ya kai Kumasi ta ƙasar Ghana bai dawo ba. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace. Bisa al'adar taubasai shi ne ubangida, ni ne bawa, ko da yake na girme shi nesa ba kusa ba.

A kullen korona, da aka ajiye motoci, ta waya ya riƙa ƙara mini karatun boko da taswirar ƙasar Peru. A nan muka ƙulla cewa in an buɗe duniya za mu je Arequipa, tsohon birnin da Turawan Sifaniya suka gina, mu gangara kwazazzabon da ke bayansa. Da aka buɗe, kamfaninmu ya soke hutun direbobi saboda gasar kofin duniya. Mashud ya goya jakarsa ya tafi shi kaɗai. Kafin ya dawo, likita ya duba gwiwata ya ce ni da hawan dutse har abada, kuma labarin ya kai masa.

Mun haɗu a bakin teku na Corniche bayan la'asar, washegarin ranar da aka fitar da Ghana, yana shirin komawa Kumasi gaba ɗaya. Na je da shirin shan zolayar da ban taɓa sha ba.

Da na gaishe shi sai ya ce, "Lafiya lau, Yaya Rufa'i. Ya ƙafar?"

"Wane ne Yaya? Ka 'yanta ni ne a hanya ban sani ba?"

"Haba. Ga benci, zauna mana."

"Ban gaji ba. Ku ne kuka gaji, da aka ɗora muku biyu jiya aka nuna muku hanyar filin jirgi."

Na jira ya tuna mini cewa su ne suka hana Najeriya zuwa gasar tun farko. Sai kawai ya ce, "Haka Allah ya so."

"To, ba ni labarin ramin."

"Ba wani abu ba ne. Rami ne kawai. Ba ka yi asarar komai ba."

"Birnin fa?"

"Tsofaffin gine-gine. Zariyarku ta fi shi."

Wannan bakin ne ya sha gaya mini cewa Zariya kango ce da sauro ke gadinta. Na dube shi, ya kau da kai yana kallon jiragen ruwan katako.

"Mashud, likitan nan ya gaya maka ranar mutuwata ne ya ɓoye mini?"

"Subhanallahi! Wace irin magana ce wannan?"

"To me ya sa kake mini murya irin ta masu dubiya a asibiti? Tun da nake, ban ga taubashi ya lallashi taubashi ba sai in ana haɗa masa ruwan wanka na ƙarshe. Gwiwa ce ta lalace, ni ina nan. Ko ka yi mini yadda ubanka ya gada, ko in koma wurin bas ɗina."

Sai ya miƙe ƙafafu, ya gyara hula.

"Kai bawa."

"Na'am, ɗan goro."

"Wa ya ba ka izinin tsayawa a kaina? Durƙusa. Au, na manta, gwiwar ma ta yi maka tawaye."

"Ta gaji da ɗaukar ɗan uwan mayunwata ne. Maza, faɗi ƙaryarka."

"Birnin nan, bawa, da farin dutse aka gina shi kakaf, dutsen da wuta ta amayo. In rana ta faɗa masa da safe sai ka runtse ido. Ga wani ƙaton tsauni a bayansa da ƙanƙara a ka, kamar ya naɗa rawani. Na shiga wani gidan ibadarsu, gari ne guda a cikin katanga, lungu ja, lungu shuɗi. Da kai ne, da har yau ana cigiyarka."

"Gidan da 'yan mulkin mallaka suka sa bayi suka gina, shi ka biya jirgi ka je gani? Gidan bayinku na Cape Coast ya ƙare ne?"

"Shi ya sa na so zuwa da kai, ka gaisa da aikin danginka."

"Me ka ci a can?"

"Dankali da masara. Sai suka kawo mini wani soyayyen ɓera, da haƙoransa a waje."

"Ka ci. Na san ku."

"Na ce su ajiye wa bawana, yana tafe. Ga kuma wani raƙumi marar tozo, gajere, mai girman kai, in ka matso ya tofa maka yawu. Ina ganinsa na ce, ikon Allah, Rufa'i ya riga ni isowa."

"Ramin nake tambaya."

"Da sassafe aka kai mu bakinsa. Iskar wurin ba ta cika huhu, taku kaɗan kana haki. Ka leƙa ƙasa, kogi kamar zaren da ya faɗi daga allura. Gonaki hawa-hawa a jikin dutse, mata da huluna masu ado suna sayar da shayi. Kowa ya yi tsit. Sai ga wata ungulu ta taso daga cikin ramin."

"Ungulu! Ka tsallake mahautar Kumasi, ka tsallake teku, don ka ga ungulu?"

"Fukafukinta ya fi ƙofar bas ɗinka. Ba ta ko kaɗa shi. Ta wuce saman kaina har na ji ƙarar iska a gashinta."

"Ta shinshino gawa ne."

"Kusan haka. Da muka gangara cikin ramin, wajen hawowa ƙafata ta ƙi, aka ɗora ni a kan alfadari kamar buhun gawayi."

"Alhamdu lillahi! Ashe an sami mai maye gurbina."

"Ya fi ka ladabi, bai fi ka kyau ba." Ya ɗan tsaya. "Da ungulun nan ta wuce, na waiwaya na ce, kai bawa, zo ka gani. Sai na ga wata tsohuwar Baturiya tana kallona."

Wasu 'yan kallon ƙwallo suka wuce da ganguna. Na bar su suka yi nisa.

"Ya kai yadda muka zata?" na tambaye shi.

"Ya fi. Ka yi asara, bawa. Babba."

Abin da na zo ji ke nan, kuma ya yi zafi daidai yadda ya kamata.

Ya zuge jakarsa ya fiddo wata hular ulu mai kunnuwa biyu da igiyoyi, ja da kore da ruwan ɗorawa.

"Ga tsarabarka. A bakin ramin na saya. Ita suke sa wa alfadarai."

"A Doha? Hular sanyi? So kake ƙwaƙwalwata ta dahu?"

"In akwai ta. Sa, ubangidanka ya ba da umarni."

Ni mutum ne da ba ya fita sai da hula mai kari. Na cire tawa na kifa tasa, igiyoyin suna lilo a kafaɗuna. Mashud ya yi dariya har ya zamo daga benci, yana share hawaye da bayan hannu, ni ma na taya shi.

"Shi ke nan," na ce. "Ka ci, ubangida."

Ranar Asabar ce, uku ga Disamba, 2022. Ita ce ganinmu na ƙarshe.