Ranar da Surukata Ta Roƙe Ni In Yi Murmushi

Ba zan taɓa mantawa da ranar saukar karatun 'yata ta fari ba, kuma ko na so in manta, matan unguwarmu a Kankara ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga gidan biki sai an samu wadda za ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Malama, ɗaga gira mu gani."

Bari in fara gabatar muku da mai laifin, wato fuskata. Allah ya yi ni da fuskar da ba ta riƙe sirri. In na ci miyar da gishiri ya yi wa yawa a gidan mutane, bakina zai ce ta yi daɗi, amma hancina ya riga ya tattare ya ba da labari. Tun ina ƙarama mahaifiyata ba ta wahalar da kanta da tambayar wa ya sha nonon da ta ajiye, goshina kawai take kallo. Na girma, na zama malamar firamare, na yi aure, fuskar nan ba ta yi hankali ba.

To kun san a wajenmu uwa ba ta nuna ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, in ana yabonsa a gabanta sai ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ake magana a kai. Tawa kuma sunan surukata aka sa mata, Hajiya mahaifiyar maigidana, kun ga sunan ya fi ƙarfin bakina ta fuska biyu (saboda haka kada ku jira shi a rubutun nan, "takwarar Hajiya" za ku yi ta ji har mu gama).

Ana yaye yarinyar, Hajiya ta goya ta sai garinsu Tafoki, can ta yi wayo. Da ta isa shiga makaranta maigidana ya yi ta sintiri yana lallashi kafin aka ba mu ita, shi ma da sharaɗi. Hajiya ta ce, "Aro na ba ku hwa. In ta sauke Alƙur'ani zan zo in gani. In na ishe an sangarta min ita, da ita zan koma." A ma'aunin Hajiya kuwa, babbar alamar sangarta ita ce uwar da ke washe baki a kan 'yar fari. Ta taɓa kama ni ina murmushi lokacin da yarinyar ke ba ni labarin wata akuya, ta daɗe tana juya maganar. Maigidana kuma irin mutanen nan ne da in mahaifiyarsu ta ce rana ta faɗi da hantsi, fitila za su kunna. Na san in Hajiya ta ce a haɗa kayan yarinya, shi zai nemo jaka.

Ina son yarinyar nan, zan faɗa a nan tunda takarda ba ta da suruka. Tunanin a sake raba ni da ita yana hana ni cin abinci.

Da saukar ta matso sai na shiga horar da fuskata. In tsaya gaban madubi in tuno abin farin ciki, sannan in danne. Na gano cewa murmushi daga kumatu yake tasowa, su ɗaga sama su ja gefen baki, to in na cije cikin kumatuna da haƙori sai ya rasa hanya. In abin ya yi ƙarfi kuma in tuno tunkiyata da ta mutu da ciki. Wata rana maigidana ya shigo ya same ni a haka, ya tsaya yana kallona ya ce, "Lafiya? Haƙori ne ke damunki?" Na ce a'a, na ji daɗi a raina, na ce aiki yana kyau.

Ranar sauka aka kafa rumfuna a filin Islamiyya, maza gefe, mata gefe. Hajiya ta iso tun da safe, aka shimfiɗa mana tabarma a gaba, kafaɗata na gugar tata. 'Yan mata suka jeru cikin fararen hijabai, kowace da allonta. Na kafa idona a kan wani tsinke da ke bakin tabarma, na ce yau ni da kai.

Da aka zo kan takwarar Hajiya, ta karɓi lasifika ta fara. Jama'a, muryar nan ta fito tar, ba rawa ba gargada. Na cije kumatu, na kira tunkiya, ta zo ta taimaka. Da ta kai aya na yi ajiyar zuciya na ce na tsira. Ashe da saura. Sai shugaban makarantar ya miƙe ya ce a cikin duk 'yan matan bana ita ce ta fi kowa gyara karatu, a taso a ba ta kyauta. Wata ta rangaɗa guɗa, matan rumfar nan kaf suka juyo suna neman uwar yarinya.

A nan fuskata ta yi mini tawaye. Na samu na cafke kuncin hagu da haƙori, na dama ya kuɓuce ya haye sama. Hawaye ya taho, na matse ido ɗaya don in tare shi, ɗayan ya zubo da nasa. Leɓena ya karkace gefe guda, haɓata ta kama rawa. Ni a zatona fuskar dattijuwa mai kunya nake nunawa (madubin gidanmu bai taɓa nuna mini wannan ba, da na san da ita).

Hajiya ta waigo ta dube ni, sai na ga idonta ya fito. "Inna lillahi. Ke, mi ya samu bakinki?"

Na san in na buɗe baki dariya ce za ta fito, sai na girgiza kai na ce, "Mm-mm."

"Ta kasa magana," in ji Hajiya, ta riƙo hannuna. "Ku zo, ɓarin jikinta ya shanye."

Kafin in ankara an yi mini rumfa ta biyu da kawunan mata. Wata ta ce hawan jini ne, haka ya yi wa yayarta a 'Yankara. Wata ta ce iska ce ta shafe ni, ta hau tofa mini addu'a a fuska ba ƙaƙƙautawa. Wata ta kwance mini ɗankwali, wata ta sheƙa mini ruwan leda a wuya. Lasifika ta yi shiru, maza suka miƙe suna leƙe. Ni kuwa yanzu ba halin in saki fuska, don in na saki me zan ce? In ce lafiyata ƙalau, daɗi ne ya yi mini yawa? Sai na ƙara cijewa, bakin ya ƙara karkacewa.

Aka nemo Malama Rabi, maƙwabciyarmu mai aikin jinya a asibiti. Ta kori mutane baya, ta durƙusa a gabana ta riƙe haɓata.

"Ɗaga gira." Na ɗaga, duka biyun suka tashi.

"Rufe ido da ƙarfi." Na rufe.

"To yi murmushi in gani."

Na yi kamar ban ji ba. Ta maimaita, ta ce ta nan ake gane ko gefe ɗaya ya mutu. Na saci kallon Hajiya. Matar da na yi makonni ina horar da fuskata saboda ita, ga ta riƙe da hannuna tana cewa, "Yi mana, ɗiyata. Don Allah yi murmushin."

Sai na hango yarinyar a bayan Malama Rabi, rungume da allonta da kyautarta, fuskarta jage-jage da hawaye, ta zaci uwarta mutuwa za ta yi ranar saukarta. Ban san lokacin da haƙorana suka saki ba. Murmushin da na tsare tun safe ya fito gaba ɗaya, har turamena sai da jama'a suka gani. Dariya ta biyo shi, kuka ya biyo dariyar.

Malama Rabi ta ƙura mini ido, ta miƙe tana karkaɗe zaninta. Ita kuma ba ta iya magana a hankali ba. "Ba abin da ya same ta. Wanda fuskarsa ta shanye, gefe ɗaya ba ya motsi. Wannan dubi kumatunta, dubi yadda gefen idonta ya tattare. Murna ce kawai ta danne har ta murɗe mata baki."

Rumfar ta kwashe da dariya har ɓangaren maza. Na sunkuyar da kai, ba ɗankwali, wuya jiƙe, fuska duk tofi. Hajiya ta saki hannuna, ta kau da kai daga gare ni har muka isa gida.

Bayan la'asar ta aiko a kira ni. Na shiga na durƙusa daga bakin ƙofa, idona na neman jakar yarinyar, na tabbata an riga an haɗa. Ta bar ni a durƙushe ta gama ɓare goronta.

"Ke wa ya koya miki tare dariya da haƙori?"

Na ce ba kowa, Hajiya.

"Na ga alama. Mijinki ma ɗan fari ne. Ranar da ya yi sauka a Tafoki, kin zaci ban yi murna ba? Mayafi na ja na ruhe hwuskata, na yi dariyata a ciki har na ƙoshi, ba wanda ya gani. Haka uwata ta yi, haka tata uwar. Ku 'yan boko mi kuka ɗauki mayafi, ado?"

Duk wahalar da na sha gaban madubi, ashe maganin yana rataye a kafaɗata.

Ta jefa goro a baki ta ce, "Gobe ni kaɗai za ni. Takwarata ta zauna ta yi karatunta. Mai wagga hwuska, in na ɗauke mata ɗiya, bakin karkacewa zai yi da gaske, a ce ni na jawo."

Wani sanyi ya sauko mini tun daga ka har tafin ƙafa. Na ji kumatun nan marasa jin magana sun fara tashi, na yi wuf na ja mayafi na rufe hanci da baki.

"Yawwa," in ji Hajiya. "Ƙara ja sama. Idanun na waje, su ma dariyar suke."

Yarinyar tana sakandare yanzu, a ɗakina take kwana, kuma har yau ban kira sunanta ba. Fuskata dai na haƙura da ita, ba ta horuwa. Abin da na koya shi ne, duk ranar da makarantarsu ta kira taron ba da kyaututtuka, mayafina mafi faɗi da kauri nake ɗauka, kuma ina zama nesa da Malama Rabi.